Queensferry ta Kudu da gadojin Forth

Queensferry ta Kudu ƙaramin gari ne a ƙasar Sikotland, yana bakin ruwan Forth wajen da kogin ya buɗe ya doshi teku, yamma da birnin Edinburgh da kamar kilomita 15 ko fiye kaɗan. Garin bai da wani girma amma an san shi saboda gadoji uku da suke jere kusa da juna, kowace an gina ta a ƙarninta daban.

Asalin suna

Sunan yana nufin mashigar kwale-kwalen sarauniya. Ana danganta shi da Sarauniya Margaret matar Sarki Malcolm na Uku, wadda ta rasu a 1093, wai ita ce ta sa a riƙa ƙetarar da masu ziyarar ibada zuwa garin St Andrews. Fito ya ci gaba a nan har 1964, wato kusan shekara 900 ana ta sintiri tsakanin gaɓa biyu.

Gadar jirgin ƙasa

Ita ce uwar gayya, ja ce jawur, in ka tsaya a gindinta wajen Hawes Pier, matsayar jiragen ruwan garin, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka hango jirgin da ke wucewa can sama kamar abin wasan yara, ƙararsa kuma tana saukowa ta cikin ƙarfen. Da farko an ba Thomas Bouch aikin zanen gada a nan, sai gadar da ya gina a kan kogin Tay ta rufta a daren 28 ga Disamba 1879 da jirgi cike da fasinja, shi ke nan aka watsar da tsarinsa. Injiniyoyi John Fowler da Benjamin Baker suka karɓa, kuma tsoron abin da ya faru a Tay shi ya sa suka yi mata wannan ƙirar mai kauri, hasumiyoyi uku na ƙarfe kowace da hannuwa biyu da ta miƙa, ta tsakiya tana tsaye a jikin ɗan tsibirin Inchgarvie. An fara aiki wajen 1882 zuwa 1883, kamfanin William Arrol na cikin masu kwangila, an buɗe ta 4 ga Maris 1890. Tsawonta kusan kilomita biyu da rabi, ƙarfen da ta ci ya haura tan 50,000. An daɗe ana cewa ma'aikata 57 suka mutu wajen ginin, binciken baya ya kai adadin 73.

Fentinta ma ya zama karin magana a wajen Turawan Birtaniya, in aiki ba ya ƙarewa sai su ce ai fentin gadar Forth ne, don wai kafin a kai ƙarshe farkon ya koɗe. A 2011 aka gama shafa mata wani sabon fenti da ake sa ran zai yi shekara 25. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya a 2015. Har yau jirage kusan 200 ne ke bi ta kanta kullum, mai son ya hau sai ya shiga a tashar Dalmeny ya sauka a Queensferry ta Arewa da ke ɗaya gaɓar, tafiyar 'yan mintoci ce.

Gadojin mota

Ta farko an buɗe ta 4 ga Satumba 1964, ita ce ta kashe sana'ar fito. An daina karɓar kuɗin wucewa a 2008, yanzu da aka buɗe sabuwar gada, bas da tasi da masu keke da masu tafiya a ƙafa ne ke amfani da ita. Sabuwar, Queensferry Crossing, ta fara aiki a Agusta 2017.

Cikin gari da al'adu

Babban titin garin siriri ne, shimfiɗe da duwatsu, akwai tsohon ginin majalisar gari mai agogo da cocin Karmel na ƙarni na 15. Daga Hawes Pier ake ɗaukar masu yawon buɗe ido a jirgin ruwa zuwa tsibirin Inchcolm inda kangon gidan 'yan ibada na ƙarni na 12 yake. Al'adar da ta fi ba baƙi mamaki ita ce ta Burryman, duk watan Agusta ana lulluɓe mutum ɗaya tun daga kai har ƙafa da 'ya'yan wata ciyawa masu manne wa kaya irin su ƙarangiya, a yi ta zaga gari da shi hannuwansa a buɗe mutum biyu na tallafe da shi. Ba a yi ittifaƙi kan asalinta ba. Ranar 1 ga Janairu kuma mutane na faɗawa cikin ruwan nan mai sanyin ƙanƙara da kayan ban dariya, suna ce masa Loony Dook.