Ciwon Stockholm: Cutar Da Babu Ita A Kundin Likitoci

Da an gama zaɓe, ko an sako wasu daga hannun masu garkuwa da mutane, sai masu sharhi a rediyo da Facebook su ɗauko shi: wai talaka ya kamu da ciwon Stockholm, shi ya sa yake ƙaunar mai gallaza masa. Yadda ake faɗar sa, sai ka ɗauka cuta ce da ake aunawa a asibiti. To, babu shi a DSM-5, kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, babu shi a ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba shi da jerin alamomin da likitoci suka amince da su, balle magani.

Daga fashin banki sunan ya fito. Ranar 23 ga Agusta 1973, Jan-Erik Olsson ya shiga bankin Kreditbanken a dandalin Norrmalmstorg da ke Stockholm, babban birnin Suwidin, ɗauke da bindiga. Ya tsare ma'aikata huɗu, mata uku da namiji ɗaya, ya nemi krona (kuɗin Suwidin) miliyan 3 da mota, kuma a kawo masa abokinsa Clark Olofsson daga gidan yari. Aka kawo shi. Kwana shida aka yi ana ja-in-ja. 'Yan sanda suka kulle su a ɗakin ajiyar kuɗi, suka dinga huda rufin daga sama. Da Olsson ya gane hayaƙi za a turo, sai ya rataya wa mutanen igiya a wuya, ya ce duk wanda hayaƙin ya sumar igiyar za ta shaƙe shi.

A cikin waɗannan kwanaki ne ɗaya daga cikin matan, Kristin Enmark, mai shekara 23, ta yi waya da firaminista Olof Palme. Ta roƙe shi a bar su su fita tare da 'yan fashin, domin abin da ta fi tsoro shi ne 'yan sanda su afka ciki a kashe su. A duba maganar da kyau. Mace tana kulle da mai bindiga, a waje ana shirya farmaki, ta lissafa ta ga inda ajalinta ya fi kusa. Ina rashin hankali a nan? Ranar 28 ga wata aka watsa hayaƙi mai sa hawaye, 'yan fashin suka miƙa wuya, ba a rasa rai ba.

Wanda ya raɗa sunan shi ne Nils Bejerot, likitan ƙwaƙwalwar da ya ba 'yan sandan shawara a kan wannan aikin, kuma bai zauna ya duba matar ba. Wato mai ba hukuma shawara ne ya ce wadda ta soki hukuma ba ta da lafiya. Wannan kaɗai ya isa a yi taka-tsantsan da kalmar. Abin da ya ƙara baza ta duniya shi ne labarin Patty Hearst a Amurka, wadda aka sace a 1974, daga baya aka gan ta da bindiga tare da waɗanda suka sace ta suna fashin banki.

Ba a ce babu komai ba. Wanda ransa ke hannun wani, an raba shi da kowa, ba hanyar gudu, yakan koyi karanta fuskar mai tsaronsa, ya lallaɓa shi, ya ɗauki ɗan ruwan da aka ba shi a matsayin babban alheri. Wani ma yakan fito yana cewa ai ba su dake mu ba. Durƙusa wa wada ke nan, ba gajiyawa ba ne. Kuma ba kowa yake hakan ba.

Mai zaɓe kuwa babu wanda ya kulle shi a ɗaki. Dalilansa a fili suke: ubangidan siyasa da ke biyan kuɗin asibiti, taki da shinkafar kamfen, jam'iyyar gado, maganar malami ko mai unguwa, ko kuma ya duba 'yan takarar ya ga duk kanwar ja ce. Ana iya ƙin waɗannan dalilai, amma lissafi ne. Mai sharhin da ya kira su ciwo ya hutar da kansa wahalar bincike ne kawai.

Abin da ya kamata iyalin wanda aka sako su sa wa ido daban ne: mugun mafarki, firgita da ƙarar babur ko bugun ƙofa, ganin abin yana dawo masa kamar yanzu yake faruwa, gudun duk abin da zai tuna masa daji, rashin barci, saurin fushi. A makonnin farko wannan ba abin mamaki ba ne, da yawa yakan lafa da kansa. In ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, likitoci na zargin PTSD, ciwon firgici bayan tashin hankali, wanda yake cikin kundin kuma ana maganinsa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri suna duba irin wannan, haka ma na Dawanau a Kano. In ya fara maganar gajiya da rayuwa, ba a jiran wata guda kafin a kai shi asibiti. Kafin nan, a daina sa shi maimaita labarin ga duk wanda ya zo barka da arziki, a kuma daina tsare shi da tambayar me ya sa ba ya zagin waɗanda suka sace shi.