Taurin baka ba shi ke kada barewa ba

Sababbin maharba a Amurka sukan ɗauka sai baka mai ƙarfin ja fam 70 ke kada barewa. Ina! Jihohi da dama fam 40 ko ƙasa suka gindaya a matsayin mafi ƙarancin ƙarfin jan da doka ta yarda, wajen kilo 18 ke nan, kuma ya isa.

Da sanyin asuba baka mai tauri ke tona asiri. Maharbi ya daɗe zaune kan bishiya, kafaɗa ta sandare, ya zo jan tsirkiya sai ya ɗaga baka sama yana nishi, barewa ta hango shi ta arce.

Aikin na kibiya ne: mai ɗan nauyi, taurinta daidai da bakan, tsininta da kaifi kamar aska, a dasa ta bayan kafaɗa, inda huhu yake.