Tsoffin hotunan Jos a Wikimedia Commons: wanne za a ɗora, wanne zai jira?

Masu rubutu a Wikipedia ta Hausa a nan Jos sun san wannan takaicin. Mutum ya zauna ya rubuta muƙala mai kyau a kan haƙar kuza a Bukuru ko Barikin Ladi, ya samo tsohon hoto baƙi da fari, ya ɗora shi a Commons, ma'ajiyar hotunan da duk Wikipedia ke ɗiba daga ciki, bayan 'yan kwanaki ya tarar an goge. Wasu daga nan suke yin fushi su bar aikin gaba ɗaya. Ga tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin sababbin editoci, da amsoshinsu.

Me ake nufi da cewa wa'adin haƙƙin mallakar hoto ya ƙare?

Wanda ya ɗauki hoto doka ta ba shi ikon hana wani bugawa ko yaɗawa ba da izininsa ba, amma ikon yana da wa'adi. Idan shekarun suka cika, hoton ya zama mallakar jama'a: kowa na iya bugawa, ya gyara, ya sa a littafi, har ya sayar. Commons ba ta karɓar hoto sai irin wannan, ko wanda mai shi ya sake da lasisi irin CC BY-SA da ya yarda a yi amfani da shi har a kasuwanci. Cewa "don ilimi ne kawai" ba hujja ba ce a can.

Amma hoton ya tsufa, kuma kowa yana yaɗa shi a Facebook da WhatsApp. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Yawan yawon hoto ba ya cire haƙƙin mai shi, kuma dusashewar launi ba ta faɗin shekara. Dubi hotunan babbar kasuwar Taminus kafin gobarar 2002. Duk ɗan Jos da ya gan su sai zuciyarsa ta motsa, amma kasuwar a shekarun 1980 aka kammala gina ta, don haka babu hotonta ko ɗaya da wa'adinsa ya cika. Hanya guda ita ce a nemo wanda ya ɗauka, a roƙe shi ya sake shi da lasisi, ya aika da shaidar izini ta imel ga 'yan sa-kai masu tantance irin waɗannan wasiƙu.

Shekara nawa dokar Najeriya ta yanka?

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba hoton kyamara shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a, ko shekara 50 daga ɗaukarsa idan ba a taɓa fitar da shi ba a tsawon wannan lokaci. Zanen hannu, sassaƙa da rubutu kuwa sai shekara 70 bayan rasuwar mai aikin. A lura da kalmar "ƙarshen shekara": hoton da jarida ta buga a watan Mayun 1972 ya fita daga wa'adi ranar 1 ga Janairun 2023, ba watan Mayun 2022 ba. Alamar da ake liƙa wa irinsa a shafinsa na Commons, don nuna dalilin kuɓutarsa, ita ce PD-Nigeria.

To in dokar ƙasarmu ta sake shi, me ya kawo Amurka cikin magana?

Nan ne yawancin hotunanmu ke faɗuwa, don haka a bi ni a hankali. Gidauniyar Wikimedia, mai riƙe da Commons, a Amurka take, kuma dokar can ce ke hawa kanta. Ƙa'idar Commons ita ce hoto ya kuɓuta a wuri biyu: ƙasar da aka fara buga shi, da kuma Amurka.

A Amurka tsohon aikin da aka buga yana ɗaukar shekara 95. Kowace ranar 1 ga Janairu iyakar tana matsawa da shekara ɗaya: a 2025 ayyukan 1929 suka fita, a 2026 na 1930. Hoton ma'aikatan kuza da ya fito a littafi a 1920 ya wuce wannan shinge, sai a sa masa PD-US-expired tare da alamar ƙasarsa.

Na tsakiya su ne masu wahala. A 1994 Amurka ta yi wata doka da ake kira URAA, wadda ta ba ayyukan ƙasashen waje kariya idan har suna cikin wa'adi a ƙasarsu ranar 1 ga Janairun 1996. Najeriya tana cikin ƙasashen da wannan rana ta shafa. Cire 50 daga 1996, ka ga inda layin ya faɗa: hoton da aka fara bugawa a Najeriya a 1945 ko kafin nan ya riga ya kuɓuta a gida kafin ranar, saboda haka dokar ba ta kama shi ba, kuma PD-1996 ce alamarsa. Amma wancan hoton na 1972 yana cikin wa'adi a ranar, don haka a Amurka zai jira har farkon 2068, duk da cewa a Jos kana iya buga shi a kalanda ba mai ce maka komai.

Ni dai ina ganin wannan bai yi wa ƙasashe irin tamu adalci ba, domin shekarun da aka kulle su ne muka fi buƙata: samun 'yanci, Jamhuriya ta Farko, yaƙin basasa, kafa jihar Binuwai-Filato a 1967. Amma ƙin jinin ƙa'ida ba zai hana a goge hoton ba. Gara a nemi ƙofar da take a buɗe. Misali, duk hoton da ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka ya ɗauka a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka tun asali, shi ya sa hotunan fadar White House na ziyarar Abubakar Tafawa Ɓalewa ga Shugaba Kennedy a Yulin 1961 suke zaune lafiya a Commons.

Hotunan zamanin Turawa fa? A Jos aka ɗauke su, ai dokar Najeriya ce?

Ba dole ba. Abin dubawa shi ne inda aka fara bugawa, ba inda aka ɗauka ba. Hotuna da yawa na ramukan kuza da ƙaramin layin dogon da ya taso daga Zariya ya hau dutse zuwa Jos da Bukuru, wanda aka rufe a 1957, a Landan suka fara fitowa, a littattafai da rahotannin kamfanoni. Waɗannan dokar Ingila ce ke kansu, shekara 70 bayan rasuwar mai ɗauka. Baturen da ya ɗauki hoto a Naraguta a 1925 ya rasu a 1970, hotonsa zai jira 2041. Sauƙin da ake samu shi ne hotunan da ma'aikatan gwamnatin Birtaniya suka ɗauka a bakin aiki kafin 1 ga Yunin 1957: wa'adinsu ya ƙare, alamarsu PD-UKGov.

Ta yaya zan gano shekarar da mai ɗaukar?

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Fara da bayan hoton. Masu ɗaukar hoto na da suna buga hatimin shagonsu, wani lokaci da kwanan wata. Katin wasiƙa mai hoto yakan ɗauki sunan kamfanin da ya buga, kuma in an aika da shi, hatimin gidan waya ya nuna cewa an riga an buga shi kafin wannan rana. Ɗauki bayan ma ka ɗora tare, shi ne shaidarka.

In daga jarida ne, rubuta sunanta, kwanan wata da shafi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, don haka fitowarta ta shekarun farko tana gefen da ya tsira daga layin 1946. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa wurare ne da ya kamata editan da ke da hali ya leƙa. In a intanet ka tsinci hoton, bi sawunsa da manhajojin neman tushen hoto irin TinEye ko Google Lens har ka kai ga asalin ma'ajiyar da ta fitar da shi, kada ka tsaya a shafin wanda ya kwafo. Sau da yawa a can za ka tarar da sunan mai ɗauka da shekara a rubuce.

Kada ka ce "ba a san mai ɗauka ba" don kawai kai ba ka sani ba. Sai an bincika an rasa. Idan an san sunansa amma an rasa shekarar rasuwarsa, Commons tana yarda a ɗauka wa'adin ya ƙare in hoton ya kai shekara 120, da alamar PD-old-assumed. Duk abin da ka gano, zuba shi a shafin bayanin hoton: shekara, mai ɗauka, inda aka fara bugawa, inda ka samo. Wanda zai duba aikinka yana iya kasancewa a wata nahiya, bai taɓa jin sunan Dilimi ba. Abin da ka rubuta kaɗai yake gani, kuma in shakka mai ƙarfi ta shiga, ƙa'idar wurin ita ce a goge.

Ni na ɗauke shi da wayata daga tsohon littafi. Ba aikina ba ne?

A'a, kuma zaɓin "aikina ne" da ake dannawa lokacin ɗora hoto yana yawan jawo gogewa. Kwafin abu shimfiɗaɗɗe kamar hoto ko zane ba ya haifar da sabon haƙƙi. Matsayin Gidauniyar ke nan tun 2008, bisa hukuncin wata kotun New York na 1999. Haƙƙin yana bin asalin aikin.

Abu mai jiki daban ne. Kawunan yumɓu na Nok sun haura shekara 2,000, ba wanda ke da haƙƙin mallakarsu, amma hoton da wani ya ɗauka na ɗaya daga cikinsu nasa ne, domin shi ya zaɓi haske da kusurwa. Hoton kan Nok a littafin gidan tarihi ba naka ba ne ka ɗora. Wanda ka ɗauka da hannunka a gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, in ma'aikata sun ba ka izinin ɗauka, shi ne naka.

Hoton kakana ne, a gidanmu yake. Shi ma sai na nemi izini?

Takardar taku ce, amma haƙƙin galibi na mai kyamara ne. Ga kuma wani ƙulli: hoton da ba a taɓa bugawa ba, Amurka tana ba shi shekara 70 bayan rasuwar mai ɗauka, ko 120 daga ɗaukarsa in ba a san mai ɗaukar ba. In Baba ne da kansa ya ɗauka kuma ya rasu, Allah ya jiƙansa, magada suna iya haɗuwa su sake shi da lasisi. A shawarci manya tukuna, musamman in akwai matan gida a ciki, domin lasisin ba a janye shi.

In na ga hoto mai shakka, ko an sa nawa a layin gogewa, me zan yi?

In alamar ce kawai ba daidai ba, gyara ta. In ka san tushen, ƙara shi. In kana ganin wa'adin bai cika ba, buɗe buƙatar gogewa ka faɗi dalili da shekaru, kuma ka sanar da wanda ya ɗora cikin ladabi, wataƙila sabon hannu ne daga Unguwar Rogo da bai taɓa jin URAA ba. Tattaunawar takan ɗauki aƙalla kwana 7, lokacin kawo hujja ke nan ga mai ita.

Hoton da aka goge ba ya ɓacewa, ɓoye shi ake yi daga idon jama'a. In an san shekarar da zai kuɓuta, ana sa tattaunawarsa a rukunin hotunan da za a dawo da su a wannan shekara, kuma kowace Janairu masu gudanarwa suna bi suna buɗewa. In kuma ka samo shaida daga baya, misali shafin jaridar da ya nuna 1944 ne ba 1954 ba, kai ta shafin neman dawo da hotuna tare da sunan fayil ɗin.