Dokar digiri 25: yadda ƙasar Sin ta hana noma a kan gangare

A ƙasar Sin, haramun ne mutum ya share gangaren da tsayuwarsa ta kai digiri 25 ya shuka amfanin gona. Haka sashe na 20 na dokar kare ruwa da ƙasa ya tanada, dokar da aka kafa a 1991, aka yi mata kwaskwarima a 2010. Digiri 25 na nufin idan aka auna mita 100 a kwance, ƙasar ta ɗaga da kusan mita 47. A irin wannan wuri da zarar garma ta buɗe ƙasa, ruwan sama ba ya samun zarafin nutsewa, sai ya kwashi ƙasar sama da takinta ya yi kwari da su. Larduna na da ikon saukar da iyakar ƙasa da digiri 25. Wanda zai noma gangaren da ya haura digiri 5 kuwa, dole ya ɗauki matakin tare zaizaya, kamar yanka gonar hawa-hawa ko jan kunya a gicciye. Tarar wanda ya karya dokar na iya kaiwa yuwan 2 (kuɗin Sin) a kan kowace murabba'in mita idan mutum ɗaya ne, yuwan 10 idan kamfani ne ko hukuma.

Hani kaɗai bai fitar da manoma daga gangare ba, don ba a raba mutum da abincinsa da takarda. A 1997 Rawayen Kogi, babban kogin arewacin Sin, ya ƙafe a ƙarshensa har kwana 226, a 1998 kuma Kogin Yangtse ya yi mummunar ambaliya. Daga nan gwamnati ta fito da shirin mayar da gonaki daji, aka fara gwajinsa a 1999 a lardunan Sichuan, Shaanxi da Gansu, ƙa'idojinsa suka fara aiki a Janairun 2003.

Ana lissafi ne da mu, ma'aunin fili na Sin. Mu 15 ne hekta ɗaya. A farkon shirin, manomin da ya saki gangarensa ya riƙa karɓar hatsi kilo 150 a shekara a kan kowane mu idan a yankin Yangtse yake, kilo 100 a yankin Rawayen Kogi, da yuwan 20 a hannu duk shekara, da yuwan 50 sau ɗaya na sayen irin dashe. Tun 2004 aka koma biyan hatsin da kuɗi. A lokacin, wanda ya dasa itatuwan kare ƙasa an riƙa biyansa shekara 8, mai itatuwan 'ya'ya shekara 5, mai ciyawa shekara 2 kacal. An kuma sharɗanta cewa itatuwan kare ƙasa kada su gaza kashi 80 cikin ɗari na filin da kowace gunduma ta mayar daji. An hana shuka hatsi a tsakanin itatuwan, an hana sakin dabbobi a tuddan da aka killace, amma filin yana nan a hannun mai shi, kuma ana iya tsawaita masa wa'adin riƙe filin har shekara 70.

A nan ne ƙa'idar ta yi tuntuɓe. Ta auna gangare, ta auna fili, ba ta auna ruwan sama yadda ya kamata ba. A Tudun Loess da ke yankin Rawayen Kogi, inda zaizayar ta fi tsanani, ruwan shekara yana kamawa daga wajen milimita 200 a arewa maso yamma zuwa sama da 700 a kudu maso gabas, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Tun da kuɗin itace ya ninka na ciyawa sau huɗu a tsawon wa'adi, kowa ya ruga dashen itace, har a wuraren da Allah bai yi su don kurmi ba. An dasa robiniya da yawa, wata bishiya mai ƙaya 'yar asalin Amurka, mai saurin girma da shan ruwa. Shekarun farko sai ta yi kore shar, domin saiwarta na zuƙar danshin da ƙasa ta daɗe tana ajiyewa. Idan abin da ganye ke fitarwa ya zarce abin da damina ke mayarwa, sai busasshen shimfiɗi ya samu a can ƙasa, mita da yawa, inda ruwan sama ba ya kaiwa. Bishiyar ta tsumbure, kanta ya bushe, ta shekara ashirin ba ta wuce tsayin ɗaki ba.

Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna tudun ya ƙara kore sosai tun 2000, kuma laka da Rawayen Kogi ke ɗauka, wadda a da ake ƙiyasta ta da tan biliyan 1.6 a shekara, ta ragu ƙwarai. Madatsun laka da gonakin matakala su ma suna da hannu a ciki. Sai dai raba gudummawar doka da ta yanayi aiki ne mai wuya. Ɗumamar yanayi na tsawaita lokacin tsiro a tuddai masu sanyi, amma tana ƙara yawan ruwan da ke tashi sama. Ruwan da itace ya sha a sama kuma shi ne wanda ba zai isa ƙorama ba, ga gonaki da birane a ƙasa suna jiransa. Saboda haka inda ruwa ya yi ƙaranci, abin da ya fi dacewa shi ne a killace gangaren, a rage itatuwan da suka yi cunkoso, a bar ciyawa da ƙananan itatuwan wurin su tsiro da kansu.