Tikitin Japan Rail Pass: wa ya cancanta, kuma ina ake ƙara kuɗi?

Mene ne wannan tikiti?

Tikiti ne na kwanaki da kamfanonin jiragen ƙasa guda shida na Japan, waɗanda ake kira JR (Japan Railways), suke sayar wa baƙi masu ziyara. Mai shi zai hau jiragen ƙasa na JR daga Hokkaido a arewa har Kyushu a kudu, har da yawancin jiragen Shinkansen masu tsananin gudu, ba tare da ya sake yankar tikiti ba. Akwai na kwana 7, da na 14, da na 21. Kwanakin a jere ake ƙirga su daga ranar da ka fara, ko ka hau jirgi ko ka wuni a masauki.

Kowa na iya saya?

A'a. A cikin 'yan ƙasashen waje, sai baƙon da aka shigar da shi ƙasar da matsayin mai ziyarar ɗan lokaci, kuma akwai shaidar hakan a fasfonsa. Ɗalibi da ma'aikaci mazauna Japan ba sa ciki, ko da kuwa baƙi ne. Idan ka sauka a filin jirgi, ka tabbata jami'in shige da fice ya sa maka shaidar a fasfo, domin ita za a duba a tagar karɓar tikitin.

Nawa ne kuɗinsa?

A nan ne maganar take. Kafin Oktoban 2023, na kwana 7 yen 29,650 ne. A wannan watan aka ɗaga shi zuwa yen 50,000, na kwana 14 ya koma 80,000, na kwana 21 kuma 100,000. Taragon alfarma, wanda suke kira Green Car, ya fi haka tsada. Yara masu shekara 6 zuwa 11 rabi suke biya.

Dā, zuwa Kyoto daga Tokyo da dawowa kaɗai ya kusa mayar wa mutum kuɗinsa, shi ya sa kowa yake ba da shawarar a saya ido rufe. Yanzu lissafin ya sauya. Tafiya ɗaya tsakanin biranen biyu tana kama yen 14,000 ko ƙasa kaɗan, wato zuwa da dawowa bai wuce 28,000 ba. Wanda iyakar tafiyarsa ke nan, idan ya sayi na 50,000, ya yi asarar kusan rabin kuɗinsa. Abin yana damuna, domin har yanzu mutane suna bin tsohuwar shawarar, kuma wanda ya canza naira ko sefa zuwa yen ya san zafin kowane dubu ɗaya.

To wa zai ci riba?

Mai doguwar tafiya cikin ɗan lokaci, kamar wanda zai tashi Tokyo ya je Kyoto, ya wuce Hiroshima, sannan ya dawo Tokyo cikin mako guda. Shi ma sai ya ɗauki biro ya tara kuɗin kowace tafiya kafin ya yanke shawara. Mai zama a yanki ɗaya kuwa, tikitocin yanki na JR East ko JR West sun fi masa sauƙi.

Idan na saya, na gama biya ke nan?

Ba ka gama ba. Jiragen Nozomi da Mizuho, waɗanda suka fi sauri a hanyar Tokyo zuwa Osaka da Kyushu, ba sa cikin tikitin. Tun 2023 an yarda mai tikitin ya hau su idan ya sayi ƙarin tikiti na musamman, wanda daga Tokyo zuwa Kyoto aka sa shi yen 4,960. A ganina ba dole ba ne: jirgin Hikari yana cikin tikitin, kuma bambancin lokacin bai wuce rabin awa ba.

Jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo, Osaka da Kyoto ba na JR ba ne, don haka kuɗinsu daban. Haka layukan kamfanoni masu zaman kansu. Wani lokaci ma kana cikin jirgin JR zai bi ta layin dogon wani kamfani, sai kwandasta ya karɓi kuɗin wannan zangon. Jirgin ruwan JR zuwa tsibirin Miyajima yana ciki, amma akwai harajin baƙi na yen 100.

Kaya fa?

Mu da muka saba tafiya da manyan akwatuna, wannan ya shafe mu. A Shinkansen na layukan Tokaido, Sanyo da Kyushu, akwatin da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa suka haɗu suka wuce santimita 160 sai an kama masa kujera mai wurin kaya tun kafin a hau. Kama kujerar kyauta ne ga mai tikitin. Wanda ya shiga da irin akwatin bai kama ba, za a caje shi yen 1,000.

Idan tikitin ya ɓace?

Ba a sake bayarwa. Ka ajiye shi tare da fasfonka, domin ma'aikata suna iya neman ganin duka biyun a kowace tasha.