Sunan Kimiyya Ba Ya Dawwama

Mutane da yawa sun ɗauka idan masana suka raɗa wa tsuntsu suna na Latin, shi ke nan har abada. Ba haka ba ne. Sunan yana nuna dangin tsuntsu ne, kuma fahimtar dangantaka tana sauyawa.

Dubi balbela, mai bin shanu. A 1758 masanin halittu Carl Linnaeus ya kira ta Ardea ibis, wato ya sa ta cikin dangin zalɓe. A 1855 masanin tsuntsaye Charles Lucien Bonaparte ya ware mata gida nata, Bubulcus. Kwanan nan binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ashe 'yar gidan zalɓe ce, aka mayar da ita Ardea. An kuma raba ta Afirka da ta gabashin Asiya, kowacce jinsi daban.