Hababam Sınıfı (fim na 1975)

Hababam Sınıfı fim ne na barkwanci daga ƙasar Turkiyya wanda ya fito a 1975. Ertem Eğilmez ne ya ba da umarni, kamfanin Arzu Film kuma ya shirya shi. Labarin wasu ɗaliban ajin ƙarshe ne a wata makarantar kwana mai zaman kanta a Istanbul, waɗanda suka gagari malamai da tsiya, satar amsa da tsallake katanga zuwa kallon ƙwallo.

Asali

Tushen fim ɗin littafi ne mai wannan suna na Rıfat Ilgaz, marubuci kuma malamin makaranta. Ya fara buga labaran kashi-kashi a mujallar barkwanci ta Dolmuş wajen 1956 da sunan aro, Stepne, sannan aka haɗa su littafi a 1957. Ilgaz ya san aji ciki da waje, ya kuma ɗanɗana fushin hukuma: a 1944 an ɗaure shi saboda wani littafinsa na waƙoƙi. Shi ya sa dariyar da ke cikin labaransa take tafe da suka, a kan haddar da ba fahimta, da malaman da aka bari cikin talauci, da tsarin da ke tara yara ba tare da ya tarbiyyantar da su ba.

An ruwaito cewa bai gamsu da fim ɗin ba, domin a ganinsa an sassauta wannan suka.

Labari

An kawo sabon mataimakin shugaban makaranta, Mahmut Hoca, wanda yaran suka laƙaba wa Kel Mahmut, wato Mahmut mai sanƙo. Suka ɗauka za su yi masa yadda suka saba yi wa na baya. Ashe dattijon ya riga su sanin duk wata dabara. Ya kama masu shan taba a ɓoye, ya tare 'yan tsallake katanga, ya hana su fita ranar hutu. Da mai makarantar ya nemi korar wani ɗalibi da ya kasa biyan kuɗi, shi ne kuma ya tsaya wa yaron, har ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti. Nan jikin yaran ya yi sanyi.

'Yan wasa

Münir Özkul ne ya fito a Mahmut Hoca. Kemal Sunal ya fito a İnek Şaban, dolon ajin da ake tsokana da laƙabin saniya, kuma wannan rawar ce ta ɗaga shi ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan barkwancin ƙasar har rasuwarsa a 2000. Tarık Akan shi ne Damat Ferit, ɗalibin da ya yi aure a ɓoye har ya kawo jaririyarsa ɗakin kwana. Halit Akçatepe ya fito a Güdük Necmi. Sai Adile Naşit a matsayin Hafize Ana, mai aikin makaranta da ke kaɗa ƙararrawa tana gudu a kan matakala, tana kuma rufa wa yaran asiri kamar uwa. Dariyarta kaɗai ta isa a tuna da fim ɗin.

Kiɗa da wurin ɗauka

Melih Kibar ne ya tsara kiɗan. Amo guda ne, idan aka kaɗa shi da sauri ya sa nishaɗi, idan aka ja shi a hankali ya sa tausayi. An ɗauki fim ɗin a Adile Sultan Kasrı, wani tsohon gidan sarauta na zamanin Daular Usmaniyya da ke yankin Üsküdar a Istanbul, inda daga baya aka ware ɗaki guda domin tunawa da fim ɗin.

Ci gaba

Fina-finai biyar suka biyo baya zuwa 1981, kuma a na farkonsu ne Şener Şen ya shigo a matsayin malamin motsa jiki, Badi Ekrem. An sake farfaɗo da jerin daga 2004 da wasu 'yan wasa.